Ciyayya Babu Gishiri

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ke saukar da cuta kuma Ya saukar da masu haƙurin jinya. Sunana Sani, tela ne ni a Kankiya, ba malamin asibiti ba. Kwanan nan wani ya kawo mani riga in buɗa mashi ita don ta matse shi a ciki, yana ta murna wai jiki ya zo. Na ce ya je a gwada mashi jini, ya tuntsire da dariya ya ce yau ga tela ya zama likita. Shi ya sa na zauna rubuta abin da na gani a gidanmu, wanda ya ga dama ya ɗauka.

Mahaifina Malam Idi manomin gyaɗa da gero ne a Kunduru. Ina yaro aka samu mulkin kai, kuma iya sanina da shi a wancan zamani siriri ne, mai ƙarfi, ba ya zama wuri ɗaya. Kasuwar Kankiya a ƙafa yake zuwa, in ya samu keke ya ɗora buhu a baya. Shi ke huɗa, shi ke noma, shi ke tonon gyaɗarshi. Abincinshi tuwon gero da fura, in damina ta faɗi ga rama ga zogale.

Sai shekarun da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa. Yayana Lawal ya samu aiki a Kaduna, ya aiko ma Baba babur. Gyaɗa kuma ta yi ta lalacewa bayan fari, sai ya bar gona a hannun 'yan ƙodago ya kama rumfa a kasuwar Kusada yana awon hatsi. Daga nan zama ya same shi. Ga teburin mai shayi a gefen rumfa, shayi mai kauri da madarar gwangwani da sukari cokali a kan cokali, ga burodi, da yamma ga tsire. Goro ba ya rabuwa da bakinshi, haka garin taba da kanwa a leɓe. A gida kuma ɗan dunƙulen nan na kanti ya shigo miya, aka ƙara shi a kan gishirin da ake sawa dama. Ni ke ɗinka mashi kaya, kowace salla sai na ƙara faɗin wando. Duk inda ya gifta cewa ake yi, “Malam Idi ya huta, 'ya'ya sun yi albarka.” Babu wanda ya kalli wannan tumbi ya ga ciwo.

Abin ya fara da ƙeya. Da safe zai tashi riƙe da bayan wuya ya ce kamar an ɗora mashi dutsen niƙa. Sai jiri in ya ɗago daga sujada, sai kunne ya riƙa yi mashi ƙugi, wani lokaci haɓo. Mutumin da ba a san shi da faɗa ba ya koma abu kaɗan ya hau masifa. Gwaggonmu ta ce mataccen jini ne, a kira wanzami ya yi ƙaho, aka yi. Wani ya ce shawara ce, aka jiƙa saiwoyi. Wani ya ce bakin mutane ne saboda babur, aka karɓo rubutu. Ban raina ma kowa ba, duk ƙauna ce ta kawo su. Amma asibiti ko a baki ba wanda ya ambata, don mutum yana ci yana sha yana hawan babur, wa zai kira shi mara lafiya?

Ranar wata kasuwar Kusada da hantsi, yana auna ma wata mata dawa, tiya ta suɓuce daga hannunshi na hagu. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya kife a kan buhu. Da aka aiko mani na iso, na ishe shi kwance a inuwa, baki ya karkace, yawu na zuba, yana magana ba a gane abin da yake faɗi. Wani direban motar kasuwa, Allah Ya jiƙan iyayenshi, ya sauke kayan mutane ya ɗauke mu. Muka biya Kunduru muka ɗauki mahaifiyata, Inna, wadda ba ta taɓa wuce Kankiya ba a rayuwarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi tambaya ba. Tabarma ta naɗe, ta ɗauki buta da tukunya ɗaya ta shigo mota.

Babban asibitin birni kuwa, kai! Layin kati daban, layin ganin likita daban, layin magani daban, kuma duk wanda ka tambaya hanya sai ya yi maka tsawa kamar ka taka mashi ƙafa. Ni da ba ni da haƙuri saura kaɗan in shaƙe mai rabon kati, Inna ce ta ja mani riga. Amma likitan da muka samu, wani Ba'indiye, mutumin kirki ne. Ya naɗa ma Baba wani ƙyalle a damtse, ya matsa 'yar roba har ya kumbura, ya sa abin sauraro a kunne, ya girgiza kai. Wani malamin asibiti na yi mamu tafinta. Ya tambayi abin da Baba ke ci, ko yana taba, ko yana tafiya da ƙafa. Ya tambayi yadda kakanmu ya rasu, muka ce yana alwala ya faɗi, an ce iska ce ta buge shi. Ya ce ba iska ba ce, wannan ciwon ne, hawan jini, kuma yana bin gida.

Maganarshi ɗaya har yau tana kunnena. Ya ce wannan ciwo ba baƙon kwana biyu ba ne, ya zo zama. Gishiri da kanwa da taba a bar su. Goro da maiƙo da sukari a rage. Ƙwaya kullum, ko ya ji garau. Kuma in ƙafa ta dawo, ya yi ta tafiya.

Inna ta matso ta ce da malamin asibitin, “Ɗana, tambayar mani shi. Gishirin ko ɗan kaɗan?”

Ya tambaya, ya juyo ya ce, “Iya, ya ce in kina son shi da rai, ki manta da shi.”

Ta ce, “To, na manta.”

Satin farko Baba bai san wanda ke kanshi ba. Inna ta tare a barandar asibiti da murhun duwatsu, ita ke juya shi, ita ke goge shi, ita ke ɗura mashi kunu da ludayi. Sati na biyu ya fara gane mutane, ya kama kuka in ya gan mu, abin da ban taɓa gani ba. Magani ya yanke a asibiti aka ce mu nema a kanti, ragon da aka ajiye don layya ya tafi a nan, Lawal ya zo daga Kaduna ya cike sauran. Cikin sati na uku Baba ya zauna da kanshi, baki ya fara komawa daidai, aka sallame mu da sharaɗin mu riƙa dawowa gwaji.

A gida na ga abin da ake kira jinya. Da safe ta gasa mashi hannu da ƙafa da ruwan zafi, ta murza su yatsa bayan yatsa. Ta rataya hannunshi a kafaɗarta su zagaya tsakar gida, shi ƙato ita 'yar ƙarama, yana masifa tana cewa, “Ida zagayen nan, Malam, sai ka zage ni da kyau.” Ta kwashe gishiri da kanwa da dunƙule ta kai maƙwabta, ta ce ba za a yi tukunya biyu a gidanta ba, kowa ya ci abin da Malam ke ci. Ni kaina in na zo daga Kankiya sai na rufe ido nake haɗiye tuwon. Amma ba ta zauna haka ba. Dama ita ke yin daddawar da duk unguwa ke saye, sai ta ƙara ta a miya, ta sa tafarnuwa da citta da ɗan tsami, wake kuwa ta jiƙa shi tun jiya don ya nuna ba kanwa. A hankali miyar ta zama abin ci. Kafin wata biyu Baba na takawa masallaci da sanda, gwaji ya nuna jini ya sauka.

Murnar da ya fi yi ita ce ta komawa ciyayya. A ƙofar gidanmu akwai bishiyar bedi, nan magidantan unguwa ke haɗuwa bayan magariba tun kafin a haife ni. Kowa a fito mashi da akushinshi daga gida, a jera, a buɗe ɗaya a cinye tare, a jawo na gaba. Ba a tsallake akushin kowa. Wanda ya janye hannu daga abincin wani gida, to ya faɗi magana ke nan a kan gidan, ko raini ko zargi. A nan ake sa ranar aure, a nan ake sasanta rigimar iyakar gona. Babban abokin Baba a wurin shi ne taubashinshi, Kawu Tanko, wanda tun suna yara ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba.

Da muka koma gwaji na gaba, jini ya hau fiye da da. Ba mu samu likitan ba, wani malamin asibiti ne, ya dubi Inna a gaban jama'a ya ce, “Ku matan ƙauye ba ku jin magana! So kike ki kashe shi da gishiri?” Matar da ta hana kanta gishiri don shi, ita ake faɗa ma haka? Ta sunkuyar da kai ta ce a yi haƙuri, za a gyara. Sai a mota, da Baba ya yi gyangyaɗi, ta ce mani a hankali, “Akushi ɗaya nike aikawa, Sani. Na gida nawa shike ci?”

Nan na gane. Kuma ashe akushinmu ma kusan cike yake dawowa, don Kawu Tanko ya sa mashi suna tuwon asibiti, kowa ya taɓa loma ɗaya don kunya ya jawo na gaba. Inna, wadda aka sani da iya miya, kullum ita ke karɓar akushinta da saura, ba ta taɓa faɗa ma kowa ba.

Ni dai maganin da na gani guda ne. Na sa Lawal ya zo, muka zauna da Baba muka ce daga yau a ɗaki zai riƙa cin abinci. Ya dube mu ya ce, “Ku ne iyayena yanzu, ko?” Amma ya bi.

Jini ya sauka, mutum kuma ya fara ƙarewa. Bayan magariba zai zauna a bakin ɗaki, tuwo a gabanshi, yana jin dariyarsu ta bayan katanga, ya taɓa kaɗan ya ture. Ya daina zagayen tsakar gida. Ya daina masifa ma, wanda shi ya fi tayar mani da hankali. A waje kuma magana ta fara yawo, wai Malam Idi na zargin a ciyayya aka ba shi sammu shi ya sa ya janye. Kawu Tanko ya ji haushi ya ɗauke ƙafa daga gidanmu. Wata rana na zo da ƙwayoyinshi, Baba ya ce mani, “Sani, mi za ni yi da tsawon rai a bayan katanga? Ku bar ni in fita in ci da mutane, ranar da ta zo ta zo.” In ya fita gishiri ya kashe shi, in ya zauna kaɗaici ya kashe shi.

Abin da Inna ta yi ban sani ba sai daga baya, Iya Abu matar Kawu Tanko ce ta ba ni labari. Inna ta yi sabuwar daddawa, ta ƙulla ta kashi-kashi, ta riƙa shiga gidajen 'yan ciyayya ɗaya bayan ɗaya. Roƙonta ƙarami ne a baki: kafin a sa gishiri da kanwa a tukunya, a ɗebi miyar akushin waje, gishirin kuma a aika shi daban a ɗan ƙoƙo. Tunda kowa gabanshi yake ci a akushi, mai so ya barbaɗa a nashi gefen, gefen Malam a bar shi haka.

Wanda bai san mata ba, zai ce ai wannan ba komai. Akushin waje shi ne fuskar mace a unguwa, da shi ake sanin wadda ta iya da wadda ba ta iya ba. Ka ce ta fitar da miya salam gaban mazan unguwa? Iya Abu, wadda miyarta ce ake jira a buɗe kullum, ta ce da ta ji maganar sai da ta miƙe tsaye.

Ta ce, “Yaya, girki kika zo koya mani a gidana? Ni in aika lami waje, a ce hannuna ya mutu?”

Inna ta ce, “Wa ya isa ya koya maki girki, Abu? Miyarki ce ma ta fi ba ni tsoro, don ita ce ba ya iya janye hannu daga gare ta. Ni tawa wata nawa tana dawowa da saura, ban mutu ba. Ran mijina na zo roƙo. In kin ce a'a, ba ni jin haushinki, amma gobe ma ina dawowa.”

Ta koma kuwa, har sau nawa. Ta tsaya a madafin Iya Abu ta nuna mata yadda take yi da daddawa da tsami, ta kama mata daka, ta ce in maza sun yi tsegumi a ce ita ta sa. Iya Abu ta ce abin da ya karya mata zuciya, ganin hannun Inna ne, duk ya yi kanta saboda ruwan zafin gashi. Da Iya Abu ta yarda, sauran ba su yi wuya ba.

Wata Juma'a na zo gida, Inna ta ce in kama Baba in fita da shi bayan magariba. Na ce, “Inna, kin manta abin da aka ce a asibiti?” Ta ce, “Kai dai fitar da shi, sarkin gardama.”

Muka fita. Aka shiga gaisawa sama-sama. Kawu Tanko ko kallonshi bai yi ba. Na koma gefe na tsaya. Aka buɗe akushin farko, Kawu Tanko ya kai loma, ya tsaya da tauna. Aka jawo na biyu, haka. Ya jawo na gidanshi da kanshi, yana cewa bari a ci abincin mutane, ya kai baki, sai ya zaro ido.

“La ilaha illallahu! Har da Abu?”

Sai ga ƙoƙunan gishiri a gefen kowane akushi, aka faɗa masu saƙon da matan suka aiko da shi: mai so ya barbaɗa a gabanshi, gefen Malam Idi kada a taɓa. Wani ya fara gunaguni, wai yaushe mata suka fara yanke ma maza hukunci. Kawu Tanko ya daɗe yana kallon Baba, yana kallon yadda riga ta yi mashi yawa, da hannun hagun da ke kwance a cinya.

Ya ce, “Kai bawana, ashe ba guduna kake ba? Gishiri kake gudu?”

Baba ya ce, “Wa zai guje ka, kai da ba ka da abin tsoro sai baki?”

Kawu Tanko ya ce, “To ka lalata mamu mata duka, Allah Ya isa.” Ya ɗauki ƙoƙon gishirin gidanshi ya miƙa ma na kusa da shi. “Ku barbaɗa in kuna so. Abin da wannan ragon zai iya ci, ni ma ina iyawa.”

Suka sa hannu tare. Ni dai na juya baya, don ban so a ga idona.

Ba zan ce abin ya tafi sumul ba. Akwai gidan da suka gaji suka koma yadda suke, sai dai matar takan aiko a faɗa, Baba ya taɓa tuwon ba miya, ba wanda ya ji haushi tunda an san dalili. Akwai lokutan da ƙwaya ta yanke, akwai ranar da na kama shi da tsire a aljihu muka yi ta faɗa. Hannun hagun bai dawo duka ba. Amma ya sayar da babur ya koma zagaya gonarshi da ƙafa, tumbi ya sauka, na riƙa rage wandunan da na buɗa. Ganin haka biyu daga cikin 'yan ciyayyar suka je gwaji, aka samu ɗaya da irin ciwon bai sani ba. A hankali ƙoƙunan gishiri suka riƙa komawa gida yadda suka fito.

Ga wanda ke karanta wannan, jan kunnena kaɗan ne. Ƙiba ba lafiya ba ce, ciwon ƙeya ba na ƙaho ba ne kullum, kuma in wani a gidanku ya taɓa faɗuwa haka nan, je a gwada ka tun kana tsaye. In kuma an hana naka wani abinci, kada ka tsaya a tukunyar gida, bincika duk inda yake sa hannu. Ina gode ma likitan nan da ban san sunanshi ba, da matan unguwarmu da suka ajiye sunansu na iya girki saboda mijin wata. Inna kuwa ban da bakin gode mata, Allah ne kaɗai zai biya ta.

Baba ya ƙara shekaru masu yawa, ya ga auren ƙannena, ya yi ma 'ya'yana huɗuba. Da lokacinshi ya yi, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ya cika da kalmar shahada a bakinshi, Inna na riƙe da hannunshi.

Bayan an share makoki, ranar da aka koma ciyayya, dattawan suka ce in zauna a wurinshi. Iya Abu ta ga ba sauran dalili, ta sa gishirinta a tukunya yadda ta saba a da. Aka buɗe akushinta, Kawu Tanko ya yi bisimilla ya kai loma. Sai na ga ya daina tauna. Ya haɗiye da ƙyar, ya janye hannu, ya goge shi a gefen tabarma. Wani ya ce, “Lafiya, Tanko? Gishirin ya yi yawa ne?”

Ya girgiza kai, hawaye na bin gemunshi.

Ya ce, “Daidai ya yi. Ni na sa shi a kabari da hannuna, amma sai yanzu na yarda Idi ya tafi.”